Wuyan rigar ya ƙi wuce kan jariri: ina laifin yake, keke ko kwarashi?

Maman Hanan (Kano):
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu saƙa. Don Allah shawara nake nema, tun jiya raina babu daɗi. Matar yayana ce ta haihu, na zauna kwana huɗu na haɗa wa yaron kayan sanyi: riga, wando, hula da safa. Jikin rigar a keken saƙa na saƙa shi, ruwan madara, sannan na bi wuya da bakin hannu da gindin rigar da kwarashi, zare shuɗi mai haske. Jiya da safe ranar suna, an gama yi masa wanka, kakarsa ta ce a ɗauko ta Gwaggo a sa masa. Aka zura, kai ya ƙi wucewa. Ta tsaya masa a goshi, yaro ya tsanyare da kuka har fuskarsa ta yi jawur. Kakar ta zare a hankali, ta ninke ta ajiye gefen katifa ba ta ce uffan ba, aka ɗauko 'yar kanti aka sa masa. Abin da ya ɗaure min kai, kafin in bi wuyan da kwarashi na sa hannuna biyu na gwada, yana buɗewa sosai. Me ya faru? Kuma za ta gyaru ko in haƙura da ita?

Anti Larai (Jos):
Wa alaikumus salam. Allah ya raya mana shi bisa imani. Ƙanwata, kwarashin ne ya ɗaure wuyan, kuma kusan duk mai haɗa saƙa biyun nan sai ta taɓa faɗawa wannan ramin. Saƙar keke da ta allura biyu ido ne a cikin ido, kowane ido yana iya aron zare daga na kusa da shi, shi ya sa in kin ja sai ta miƙe, kin saki ta koma. Kwarashi kuwa kowane ɗauri sai kin rufe shi kafin ki wuce na gaba. To in kika zagaye wuya da shi, tamkar kin ɗaure bakin buhu ne da igiya. Kewayen kan jariri sabon haihuwa yakan kai santimita 33 zuwa 35, wato kusan inci 13 zuwa 14. Duk wuyan da ba zai buɗe ya haura haka ba, to ba na jariri ba ne. Layi nawa kika yi, kuma kwarashi mai lamba nawa?

Maman Hanan (Kano):
Layi uku Anti, da lamba 2. Kuma gaskiya na riƙa jan zaren sosai don ya fito tsaf.

Anti Larai (Jos):
To ai kin ji. Ƙaramin kwarashi, hannu mai tsauri, layi uku. Amma kada ki jefar da ita. Ki nemo inda kika ƙare, ki kwance ƙullin, ki ja, duk zai warware ba tare da ya taɓa jikin rigar ba. Sai ki farke ɗinkin kafaɗar hagu daga wuya zuwa kusa da inda hannu ya haɗu. Ki bi leɓen baya da gajeren ɗauri layi biyu, nan maɓallai za su zauna. Leɓen gaba kuma ki yi layi ɗaya, a na biyu ki bar ƙofofi: sarƙa biyu, ki tsallake ido biyu, ki ci gaba. Maɓalli biyu ko uku sun isa. Wuyan kansa layi ɗaya tak, da lamba 3 ko 3.5, hannu a sake.

Ummu Sudais (Kaduna):
Ni fa shi ya sa na daina wahalar da kaina. Rib nake yi a wuya da hannu da ƙasa, wato saƙar nan mai miƙewa ta ido ɗaya gaba ɗaya baya, in rufe a sake, shi ke nan. Jariri bai san ado ba. Kwana nawa ma zai yi da rigar? Wata biyu ta matse shi. Kwarashin nan ɓata lokaci ne da cin zare, kuma ga irin abin da ya jawo wa Maman Hanan a gaban dangin miji.

Maman Hanan (Kano):
Dangina ne Ummu, gidan yayana ne. Amma kunyar duk ɗaya ce.

Hajiya Mairo (Zariya):
Ummu Sudais 'yata, ban yarda da ke ba. Na fara riƙe allurar saƙa tun ina aji huɗu a firamare, lokacin da ake koya mana aikin hannu da rana, yanzu jikokina ne ke sa abin da na saƙa. Bakin kwarashi ba kwalliya ce kawai ba, aiki yake yi. Ki saƙa shawul a keke ki sauke shi haka nan ki gani: gefe da gefe ya nannaɗe ta baya, sama da ƙasa su nannaɗe ta gaba, ya zama kamar tabarmar da aka naɗe. Halin saƙar ke nan, ba laifin keke ba ne. Me zai kwantar da shi? Baki. Gaban rigar da ake buɗewa, me zai hana shi zazzagowa in maɓalli ya yi masa nauyi? Baki. Wannan rashin miƙewar da ya cuci Maman Hanan a wuya, shi ne amfaninsa a gaban riga da kafaɗa da gefen shawul. Wuƙa ce, inda kika ɗora ta nan take yanka. Abin da ya kamata a koya wa yara masu tasowa shi ne ina ake sa shi, ina ba a sa shi.

Ummu Sudais (Kaduna):
Na yarda da maganar shawul Hajiya. Amma a riga ina nan kan bakata. Rib ya fi taushi a wuyan yaro.

Hajiya Mairo (Zariya):
A wuyan da ake zurawa ta kai, ke ce da gaskiya, rib ya fi. Ni dai ban ma cika yi wa sabon haihuwa rigar zurawa ba. Wuyansa bai tsaya ba, cibiya ba ta faɗi ba, uwa sabuwar haihuwa hannunta na rawa. Mai buɗewa ta gaba nake yi, a shimfiɗa ta, a kwantar da shi a kai, a rufe.

Zee Saƙa (Kano):
Iyayena ku yi haƙuri in sa baki, ni da wannan sana'ar nake biyan kuɗin makaranta. Maganar da ba a faɗa ba ita ce kasuwa. In na ɗora hoton riga mai rib zalla a status, babu mai tambaya ta. Za a ce min ai irinta na nan a Sabon Gari, ko a gwanjon Ƙofar Wambai da rabin kuɗin. Amma in na yi mata baki mai kunnuwa, na dasa fure biyu a ƙirji, na zura ribon a wuya, na jera duwatsu farare, kafin la'asar an biya. Masu kai kayan barka so suke in an buɗe leda a tsakar gida a ce kai, wa ya kawo wannan? Ni kuma abin da ake so shi nake yi.

Sista Rabi (Katsina):
Zee, baki da fure babu wanda zai hana ki. Duwatsu da ribon ɗin wuya ne nake roƙon ki da girman Allah ki bari. A ɗakin jarirai nake aiki. Yaro daga wata uku zuwa huɗu duk abin da hannunsa ya kama baki yake kai shi. Dutsen da kika ɗinka da zare ɗaya, wanki nawa zai jure? In ya ɓalle ya faɗa maƙogwaro, hanyar numfashin jariri 'yar siririya ce, ba ta da sararin da za ta ɗauke shi. Igiya a wuya kuma, ko ta riga ko ta hula mai ɗaurewa a haɓa, tana iya sarƙafewa yana barci uwa na can tana wanke-wanke. Ba tsoratarwa nake yi ba.

Zee Saƙa (Kano):
Sista na ji, amma shekara uku ina yi babu wadda ta dawo min da ƙorafi. Kuma ai ranar suna kawai ake sawa a yi hoto.

Hajiya Mairo (Zariya):
Ke kika san ranar suna kawai ce, Zainabu. Rigar da ta fita daga hannunki ba ki da iko da ita. Za a sa wa wannan, a adana, a sa wa ƙaninsa, a ba 'yar'uwa. Bari in ba ki labarin abin da ya faru a ɗakina, ba ji na yi ba. Jikata tana da wata biyu, cikin hunturu, ta kwana tana kuka. An ba ta nono ta ƙi, an goya, an jijjiga, an duba kunne, an ce ciwon ciki ne. Da asuba na ce a tuɓe ta gaba ɗaya. Ina cire safar ƙafar dama sai na ga ɗan yatsa na kusa da ƙarami ya kumbura ya yi baƙi-baƙi. Wani siririn zare ne daga cikin safar ya naɗe shi sau biyu, ya nutse cikin nama har ba a ganin sa sai an buɗa. Safar nan ni na saƙa ta. Wurin canza launi na yanke zare na bar wutsiya ban ɓoye ta da kyau ba, wanki ya sa ta tsefe. Muka garzaya asibiti aka cire, Allah ya tsare yatsan. Tun ranar duk safar da na gama sai na juya cikinta na zura yatsana ina lalube kamar mai neman tsakuwa a shinkafa. Wutsiya kuma da allura nake bin ta cikin saƙa, in je in dawo, kafin in yanke.

Maman Hanan (Kano):
Innalillahi. Hajiya yanzu zan kira matar yayana ta juya safar nan ta duba, ni ma launi biyu na yi.

Sista Rabi (Katsina):
Abin da Hajiya ta faɗa muna gani, wani lokacin ma gashin uwa ne ke shiga safa ya naɗe yatsa, musamman da yake gashi na zuba bayan haihuwa. Ga kuma wani abu game da baki mai manyan ƙofofi a hannun riga da shawul: yatsun jariri na shiga ciki. In ƙofa za ta ɗauki ɗan yatsanki ƙarami, ta yi girma.

Maman Nafisa (Maraɗi):
Salamu alaikum, ina biye da ku tun ɗazu. Mu nan kuroshe muke ce ma shi. Ni tambayata ga Anti Larai ta: in na bi gefen saƙa da shi, wani lokaci shi yi tattara kamar an zuge zariya, wani lokaci kuma shi yi falfala kamar ganyen salati. Mi ke kawo hakanan?

Anti Larai (Jos):
Lissafin ido ne Maman Nafisa. Idon saƙar allura faɗinsa ya fi tsayinsa. Don haka in kina bin sama ko ƙasa, kusan ɗauri ɗaya a kowane ido yana tafiya daidai. In kina bin gefe kuwa, inda layuka suke jere, kika sa ɗauri a kowane layi, sun yi yawa, sai ya yi falfala. Ni nakan sa biyu a kowane layi uku, in zaren mai kauri ne ɗaya a kowane layi biyu. In ya tattare kuma, kin tsallake da yawa ko hannunki ya yi tsauri. Ki yi kamar tsawon yatsa, ki ajiye a kan tebur ki kalla. In bai kwanta da kansa ba, warware tun bai yi nisa ba. A kusurwa ɗauri uku a ido ɗaya, in ba haka ba kusurwar ta ɗaga kai. Kullum layin farko gajeren ɗauri ne, shi ne harsashi, ado a kansa yake hawa. Mai kunnuwan da Zee ke faɗa, dogon ɗauri biyar ne a ido ɗaya, ki tsallake biyu, ki kafa gajere, ki tsallake biyu, ki sake. Mai 'yan ƙwayoyi kuma sarƙa uku ce ki dawo ki kama ta farko. Wanda na fi so a kayan maza shi ne na komawa da baya, wanda ake kira tafiyar ƙaguwa: gajeren ɗauri ne amma daga hagu zuwa dama, sai ya fito kamar murɗaɗɗiyar igiya, ba ƙofa ko ɗaya.

Ummu Sudais (Kaduna):
Masu koyo a YouTube ku lura da wani abu da ya taɓa ɓata min zare. Sunan da 'yan Ingila ke kiran gajeren ɗauri da shi, dobul, shi ne 'yan Amurka ke kiran dogo da shi. Ki kalli hannun mai yi, kada ki bi sunan kawai.

Maman Nafisa (Maraɗi):
Na gode ƙwarai, Allah shi ƙara basira. To batun zare fa? Mu wanda muke samu mafi yawa daga Kano yake zuwa, ana ce ma shi ulu.

Hajiya Mairo (Zariya):
Sunan ne ulu, amma yawancin abin da ke kasuwa na roba ne, akirilik. Ki yanki ɗan guntu ki kusanta shi da ashana a waje. Gashin tumaki na gaske warin babbakar gashi yake yi, ya mutu da kansa, ya bar abin da za ki murje da yatsa. Auduga ta ci da wuta kamar takarda ta bar toka mai laushi. Na roba kuwa narkewa yake, ya dunƙule ya yi tauri. Ba cewa nake kada a yi amfani da shi ba, da shi muke saƙa duka, yana da sauƙin kuɗi, yana wankuwa, launinsa ba ya zuba. Amma ku tuna ɗakin mai jego: ga kaskon turaren wuta, ga gawayin jin ɗumi. Shawul na roba in tartsatsi ya faɗa masa narkewa zai yi ya manne. Ku riƙa gaya wa masu saye. Kuma kada a ɗora masa dutsen guga, yana mutuwa ya saki jiki, ba ya dawowa.

Sista Rabi (Katsina):
Gawayi a rufaffen ɗaki ma shi kansa haɗari ne ga uwa da ɗa, ko da babu shawul, saboda iskar da yake fitarwa ba a ganinta ba a jin warinta. Tunda an zo nan bari in ƙara. Muna yawan naɗe jarirai fiye da kima. Singileti, riga, rigar sanyi, hula, safa, shawul, bargo, a watan Afrilu. Sai ƙurajen zafi su feso a wuya da baya. Zafin jikin jariri daidai shi ne 36.5 zuwa 37.5 a ma'auni. In babu ma'auni ki taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa, ba tafin hannu ko ƙafa ba, su dama sukan yi sanyi. In kin ji gumi, rage. Lafiyayyen yaro da aka haifa da cikar wata, in zai yi barci a ɗaki mai ɗumi, a cire masa hula.

Anti Larai (Jos):
Sista a nan kam zan ja da ke. Ki zo Jos a Disamba ko Janairu ki kwana. Da asuba ruwan randa kamar ƙanƙara. Wace uwa ce za ta bar maɗigar ɗanta a buɗe?

Sista Rabi (Katsina):
Anti ai ɗaki mai ɗumi na ce. Inda sanyi ke ratsa ɗaki, ko za a fita da shi, ko sabon haihuwa ne a kwanakin farko, hula ta zama dole, don kan jariri babba ne a kan jikinsa, ta nan zafi ke saurin fita. Bakwaini kuwa ya fi kowa buƙata. In muka ɗora shi a ƙirjin uwa fata da fata, abin da ake kira kulawar kangaru, hula da safa da kunzugu kawai yake sawa. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ce a fara hakan nan take bayan haihuwa. Matsalarmu kuwa hulunan kasuwa duk sun yi musu yawa, suna zamowa su rufe ido da hanci. In akwai mai ragowar zare a cikinku, ta saƙa ƙanana, wadda za ta zauna a kan lemon zaƙi babba, babu fure, babu igiya, ɗinkin a waje, ta kai ɗakin bakwaini na asibitin da ke kusa da ita ta tambaya ko suna karɓa.

Ummu Sudais (Kaduna):
Wannan kam rib zalla, ko Hajiya?

Hajiya Mairo (Zariya):
Rib zalla. Kwarashi ba shi da aiki a bakin hular bakwaini, zai yi masa shaida a goshi.

Zee Saƙa (Kano):
Na karanta duka. Labarin yatsan nan ya tsaya min a rai. Ribon ɗin wuya na bari daga yau. Amma ku faɗa min gaskiya, in na cire duwatsu me zan sa da zai ja ido? Kuma ku san tun 2023 da aka cire tallafin mai darajar naira ta faɗi, zare ya yi tashin gwauron zabo, kuɗin mota zuwa kasuwa ma haka. Kekena tsohon Brother ne mai allura 200, kamfanin ya daɗe da daina ƙera su, in allura ta karye sai na yi yawo. Jikin riga awa ɗaya na sauke shi, bakin kwarashi kuwa sai ya cinye min yini. Mai saye ba ta san wannan ba.

Anti Larai (Jos):
To ki sanar da ita. Kekenki na iya saƙa jiki, na kamfanin Sin ma na iya, amma babu injin da ke yin kwarashi na gaske, duk inda kika gan shi hannun mutum ne ya zauna a kai. Shi ne abin da kike sayarwa, don haka ki raba kuɗin gida biyu: ga na riga, ga na baki. Wadda ke son mai sauƙi ta ɗauki mai rib. Maimakon dutse ki yi ƙulli da zaren kansa, dogon ɗauri huɗu ko biyar a ido ɗaya ki haɗe kansu, yana fitowa kamar ƙwallon dutse kuma ba ya ɓallewa don jikin saƙar ne. Fure kuma ki bar masa doguwar wutsiya, ki ɗinke shi da ita ta kowane kunne, ba ta tsakiya kaɗai ba. In kin gama ki kama shi ki ja da ƙarfinki.

Zee Saƙa (Kano):
Ƙullin zan gwada yau da dare. Duwatsu dai akwai oda biyu da na riga na karɓi kuɗi, an zaɓa daga hoto.

Hajiya Mairo (Zariya):
Ki kira su ki gaya musu dalili, Zainabu. In sun dage, ki sa a kan jakar kayan ko kwandon, ba a jikin yaro ba.

Zee Saƙa (Kano):
Ɗaya za ta yarda, na san ta. Ɗayar ce ban sani ba, uwar miji ce ta yi odar.

Maman Hanan (Kano):
Salam, na dawo. Na aika an karɓo rigar. Na warware wuyan kamar yadda Anti Larai ta ce, minti biyar bai kai ba. Na buɗe kafaɗar hagu, maɓalli uku masu faɗi, na ɗinke kowanne da zare ninki biyu. Wuyan layi ɗaya da lamba 3.5. Na auna da tef, in an ɓalle maɓallan yana kai inci 16. Safar ma an duba, akwai wutsiya ɗaya a ta hagu da ta fara fitowa, na ce kada a sake sa masa sai na zo. Gobe bayan azahar zan kai da kaina, in sha Allah. Anti, gindin rigar fa, shi ma layi uku ne da lamba 2, in bar shi ko in warware?

Anti Larai (Jos):
Sa hannuwanki biyu ciki ki buɗa. In ya kai faɗin ƙirjin rigar ba tare da ya ja ba, bar shi. In ya tsuke, warware layi biyu na sama ki sake su da 3.5, don cikin jariri yana tasowa in ya ƙoshi, ga kuma kunzugu a ƙasa.